Tsallen Usmanu

Usur ya yi ƙara tun ƙafafun Usmanu ba su dawo ƙasa ba. Ƙwallon da ya tare a saman raga ta riga ta faɗa ɓangaren 'yan Maiyama, mutanen Aliero da suka cika gefen filin makarantar nan ta Jega sun ɓarke da ihu, Tamu direba har da jefa hula sama. Malam Sahabi, mai horar da 'yan Aliero, ya miƙe daga benci yana murmushi, domin abin da ya yi shekara uku yana ginawa ke nan. Sai ya ga alƙalin wasa ya miƙa hannu wajen Maiyama. Mai alli ya juya ya rubuta musu maki ɗaya a allo.

"Kai, alƙali! Idonka lahiya kuwa?" in ji Tamu, yana laluben hularsa a ƙasa. "Ba ka ga inda ƙwallo taf faɗi ba?"

Malam Sahabi ya ɗaga masa hannu alamar ya yi haƙuri. A ransa ya ce kuskure ne irin na farkon wasa. Alƙalin ai Mu'azu ne, ɗalibinsa na dā, wanda ya tafi Zariya ya yi karatun wasanni, yanzu ya dawo yana aiki a Birnin Kebbi. Malam ne ya fara sa masa usur a baki. Idan yaro ya ruɗe don ganin jama'a, ba abin a tozarta shi ba ne.

A yankin nan kaf babu wanda zai yi wa Malam Sahabi gardama a kan ƙwallon raga. Shi ya kawo ta. Ya gama kwalejin horon malamai shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ya dawo Aliero da raga guda a cikin jaka da wani ɗan littafin dokoki da ya yi wa riga da takardar siminti. Duk wanda ke busa usur daga Jega zuwa Maiyama, har ƙauyukan Fagada da Mungadi, a bakinsa ya ji doka, ko a bakin wanda ya ji daga gare shi. In musu ya tashi a wani fili, sai a ce a bari a tambayi Malam, magana ta ƙare.

A cikin littafin nan ya tsinci dabararsa. Doka ta ce ɓangaren da ya buga sabis, wato bugun farko daga bayan layi, shi kaɗai ke iya cin maki. Ɗaya ɓangaren in ya yi nasara, sabis kawai yake karɓewa. Malam Sahabi ya yi ta juya wannan a ransa har ya gane cewa in kana da mutumin da zai tsaya a gindin raga ya kashe sabis tun yana tahowa, to abokan wasanka sai su wuni ba su ga maki ba. Littafin kuwa bai hana ba. Abin da ya rage shi ne mutumin.

Ya same shi a kasuwar albasa ta Aliero, yana jefa buhu cikin babbar mota ba tare da ya hau katakon da sauran 'yan dako ke hawa ba. Usmanu dogo ne na ban mamaki, ga sanyin hali, ga ƙarancin magana, irin mutanen da ke sunkuyawa a ƙofar kowa har sunkuyon ya zame musu jiki. Malam bai koya masa komai ba sai abu ɗaya: ya karanci kafaɗar mai bugu, ya tashi, ya rufe. Kowace yamma bugu ɗari. Ɗaukar ƙwallo daga ƙasa da sauran tarkacen wasa duk ya ce a bar wa gajeru, in juyin 'yan wasa ya kai Usmanu layin baya sai 'yan uwansa su rufa masa asiri. Shekara uku Aliero ba ta sha kashi ba. Mutumin da dā ake kira "kai dogo, zo ɗauki" ya koma wanda mahauta ke ƙara wa tsoka in ya zo sayen nama.

Sai aka yanke Kebbi daga Sakkwato. Sabuwar jiha na son 'yan wasanta, aka aiko cewa bayan wata biyar za a zo Jega a zaɓa, kuma duk wanda aka ɗauka ya sami aikin gwamnati. A lokacin ana shirin dashen albasa. Malam Sahabi ya taka har gidan Usmanu, ya ce masa bana ya bar fadama, ya bar dako, don buhu na sandarar da kafaɗa, ban ruwa kuma na cinye yamma. Usmanu ya miƙa wa wani maƙwabci fangalinsa da irin da ya riga ya raina. Matarsa Asabe ce kawai ta yi magana, daga bayan zana.

"Malam, tsalle aka ci? Albasag ga ita ar rufin asirinmu."

"Asabe, in ba su ɗauki mijinki ba, ki kira ni maƙaryaci gaban jama'a," in ji shi. Da dariya ma ya faɗa, don bai ga ta inda za a ƙi ba.

Yau ce ranar zaɓen, ga shi kuma ɗan Maiyama ya sake buga sabis, Usmanu ya sake tashi ya maido ta, usur ya sake ƙara. Biyu. Da aka yi na uku, Malam Sahabi ya nemi a tsaya, ya nufi teburin da alƙali ke tsaye a kai, littafinsa a hannu, ya riga ya sa yatsa a shafin.

"Mu'azu, mi kaka yi haka? Ni zan koya maka tarewa yau?"

Mu'azu ya sauko daga teburin, ya ɗan rusuna. "Malam, don Allah mu ɗan keɓe."

"Faɗi nan! Mi aka ɓoyo?"

"Don girman Allah, Malam."

Yadda ya faɗa ne ya sa Malam Sahabi ya bi shi. Suka zaga bayan wani aji. Mu'azu ya ciro wani littafi mai shuɗin bango daga aljihun baya, ya buɗe, ya miƙa da hannu biyu. Layi ɗaya ne, gajere, ba wurin kewaye: an haramta tare sabis ɗin abokan wasa, wanda ya tare ya yi laifi.

Malam ya karanta sau biyu. Ya juya bangon ya duba ko na wata ƙasa ne. "Yaushe anka yi wannan?"

"Tun tamanin da huɗu, Malam. Naku littafin daidai ne a lokacinsa. Ni ma da na je Zariya na tare sabis ranar farko, aka yi ta yi mini dariya. Na ɗauka labari ya iso ku tuntuni. Ai an kira malamai bita Sakkwato a shekarar da ta biyo."

An kira. Ya tuna takardar sarai, har da tambarin da ke kanta. Mako biyu aka ce, ya kuwa faɗo daidai lokacin cirar albasa, shekarar da tasa ta yi kyau irin wanda ba ta sake yi ba. Ya tuna ya tsaya a bakin fangali ya ninke takardar ya sa a aljihu, yana cewa wasan da shi ya kawo garin, me wani zai ƙara masa a kai. Bayan kwana biyu ya nannaɗe goro da ita.

"Ka yi mini rai, Mu'azu," in ji shi, muryarsa ta yi ƙasa. "Yau ɗai. Duk yankin ga haka muka yi. Su 'yan Maiyama ma ba su san da wata doka ba. Ka bari masu zaɓe su ga Usmanu yana abin da ya iya."

"Malam, mai zaɓen yana zaune yana kallo, ya fi ni sanin littafin. Ko na kau da kai, shi ba zai kai mutum gasar ƙasa ya je yana ba da maki kyauta ba." Ya tura masa littafin. "Ku riƙe wannan. Ina da wani."

Malam Sahabi ya cusa shi can cikin aljihun ciki, ya dawo fili da tsohon a hannu kamar yadda ya tafi. 'Yan wasansa suka kewaye shi. Ya rasa ta inda zai fara, sai ya ce da su alƙalin yau ba ya son a tare sabis, a bi shi a hankali. Ya kama hannun Usmanu. "In sun buga, kak ka tashi. Ka ji? Tsaya kurum."

"In tsaya in yi mi, Malam?"

Malam ya saki hannunsa. Usur ya kira su.

Aka buga, Usmanu ya tsaya. Kana ganin yadda cinyoyinsa ke rawa, hannuwansa sun ɗan ɗaga sun koma. Aka buga na biyu ya daure. A na uku ɗan Maiyama ya saki wata mai bin saman raga, irin wadda Usmanu ke kashewa ko da ido rufe, jikinsa kuwa bai shawarce shi ba. Ya tashi, ya rufe, ƙwallon ta dira a gaban mai bugun da ƙarar da aka ji har bakin titi. Tarewar da ta fi kowace kyau a duk ranar ke nan. Mai alli ya ƙara wa Maiyama ɗaya.

Usmanu ya waiwayo wajen benci, fuskarsa kamar ta wanda ya fasa tulun mutane. Malam Sahabi ya ji kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi. Shi ya dasa tsallen nan a jikin bawan Allah, yamma ɗaya bayan ɗaya, yanzu kuma yana so ya cire shi a cikin minti biyar.

Daga nan abin ya zama abin tausayi. 'Yan Maiyama ba wawaye ba ne. Da juyi ya kai Usmanu baya, suka gane inda ƙofa take. Sabis ya zo hannun Jabir, wani siririn telan Maiyama da Usmanu ya sha kunyatawa shekara uku. Haushin haka ya sa Jabir ya ɗaure igiya tsakanin bishiyoyin darbejiya biyu a bayan shagonsa, sama da raga da kamu huɗu, ya yi ta bugu shi kaɗai har ya ƙware a wani irin sabis da ke tashi sama kamar ba zai dawo ba, sannan ya karkace ya faɗo inda ba a zata ba. Don ya tsallake hannun Usmanu ya koye shi. Yau kuwa kan Usmanun yake saukar da shi. Ta bugi gwiwar hannunsa ta fita waje. Ta bugi ƙirjinsa. Wata ya haɗa hannu ya durƙusa, ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa, wasu 'yan Jega suka tuntsire da dariya.

An ci su goma sha biyar da uku, aka sake cin su goma sha biyar da biyu. Ko la'asar ba a kira ba.

Mai zaɓen wani dattijo ne mai farin tabarau. Ya miƙe da takardarsa ya karanta suna huɗu. Jabir ne na farko. Ya kira shi gaba, ya dafa kafaɗarsa. "Samari, wa ya koya maka wannan bugu? Ko a Kaduna ban ga irinsa da yawa ba."

Jabir ya sosa ƙeya, ya nuna Usmanu da ke zaune a ƙasa. "Wancan na, ranka shi daɗe. In ba ka bi ta sama ba, ba ka wuce shi."

Dattijon ya taka ya tsaya a kan Usmanu, ya ce ya miƙe. Ya dube shi daga sama har ƙasa, ya sa ya ɗaga hannu, ya girgiza kai don mamaki. "Shekarunka nawa?"

"Talatin ba ɗaya."

"Kash. Da shekara biyar baya aka kawo mini kai, ba a taɓa ka ba, da na yi abin mamaki da kai." Ya juya ga Malam Sahabi, ba da faɗa ba. "Kai ne mai horar da shi? Tsawo irin wannan, ko ɗaukar ƙwallo bai iya ba." Ya ninke takardarsa ya nufi mota.

Mutanen Aliero kuwa sun riga sun yanke hukunci. Suka yi wa Mu'azu caa, wannan na cewa an saye shi, wancan na cewa dama uwarsa 'yar Mungadi ce, ƙasar Maiyama. Tamu ya fi kowa ɗaga murya. "Yaron da Malam yak koya wa busa usur, shi za ya zo muna da doka daga aljihu? Ga littahi hannun Malam! A buɗe a gani!" Mu'azu ya dubi malaminsa ta saman kawunan mutane, yana jira. Kalma biyar daga bakin Malam ta isa ta wanke shi. Malam Sahabi ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba, har aka ja Mu'azu aka sa shi a mota.

Suka yi la'asar a Jega, suka hau bayan motar Tamu, wadda ta sauke albasa da safe, yanzu ba komai a cikinta sai tarin buhunan wofi da za a cika gobe. Jama'a suka taru can gaba wajen kan mota suna ta maimaita wasan, kowa na ƙara wa alƙali laifi. Usmanu ya zauna can baya shi kaɗai, ya naɗe dogayen ƙafafunsa. Malam ya daɗe yana tsaye riƙe da ƙarfe kafin ya je ya zauna kusa da shi.

Hanyar Aliero ta bi ta gefen fadama. Ko'ina cira ake yi. Albasa ja an tara ta tsibi-tsibi, mata na yanke ganye, maza na ɗinke bakin buhu. Usmanu ya bi su da kallo. A cikin irin waɗannan tsibin akwai wanda ya fito daga fangalinsa, daga irin da ya raina da hannunsa, kuma ko ɗaya ba nasa ba ne.

"Malam," ya ce, bai juyo ba. "Mu'azu ad da gaskiya, ko?"

"Shi ad da ita."

"Na gani ga huskarka da kunka hito bayan aji." Mota ta faɗa rami ta fito. "Shekara nawa da sakewa?"

"Takwas."

Usmanu ya yi lissafi da yatsu a kan gwiwarsa, a hankali. "Ashe tun kahin ka ganni kasuwa."

"Tun kahin nan. An kira ni bita, ban tahi ba. Albasa nit tsaya cira." Ya so ya ƙara wani abu, ya ga duk abin da zai ƙara don kansa ne. "Laihina na, Usmanu, ni ɗai. In mun isa zan tara su in gaya musu. Zan zo in tsaya gaban Asabe ta kira ni sunan da nic ce."

"Asabe ba ta kiran ka komi. Ni za ta duba." Ya ɗauki wani ɓawon albasa yana murzawa. "To duk wasannin da munka ci fa? Kohin da ad ɗakinka?"

Suka wuce mahaɗar hanyar Sabiyal. Hasumiyar masallacin Aliero ta fara bayyana.

"Ina roƙon ka abu guda," in ji Usmanu.

"Faɗi ko mine ne."

"Kak ka gaya musu."

Malam Sahabi ya juyo ya dube shi.

"Aiki ya wuce, noma ya wuce. Gobe dako zan koma, na sani. Amma in ka hwaɗi, to shekara ukun ga ban yi komi ba ke nan, tsalle ɗai nika yi awa mahaukaci mutane na tahi. Ka bar dokag ga yadda take ga hilinmu. Wa za ya zo Aliero shi bincika? Ran Juma'a in anka buga in tare, ka ba mu sabis. Nan ɗai tsawon ga nau ka da amfani."

"Mu'azu fa? Suna zagin shi a banza."

"Mu'azu na da albashi, Malam."

Malam Sahabi ya ji littafin nan yana tokare masa haƙarƙari. Ya san abin da ake roƙonsa. Duk ɗan wasan da zai taso a Aliero zai taso da wannan tsalle, ya kai shi wani fili wata rana a yi masa dariya. Ya san kuma ba shi da gona ko aikin da zai maye wa mutumin nan da shi. Abin da ya mallaka da zai iya bayarwa ke nan, ƙarya, ita kuma aka tambaya.

Usmanu ya miƙe, ya dafa ƙarfe ya nufi gaba, ya ƙwanƙwasa rufin direba. Tamu ya leƙo da kai ta taga.

"Tamu, gobe wa ka yi maka lodi?"

"Kai da Malam yah hana ɗaukar buhu?"

"An ɗage. In zo?"

"Zo da sassahe. Legas za mu, buhu ɗari da ishirin." Ya ƙara ɗaga murya. "Malam! Ran Juma'a akwai wasa ko? A nuna musu mu ga hilinmu ba a yi muna doka ta aljihu!"

Duk motar ta juyo tana jiran Malam. Usmanu ma ya juyo.

"Akwai," in ji Malam Sahabi. "Bayan la'asar."

Suka yi shewa, suka koma hirarsu. Da ya ga ba mai kallonsa, ya zaro littafin mai shuɗin bango, ya jawo buhu ɗaya daga tsakiyar tarin, ya tura shi har can ƙasa, ya mayar da buhun ya danne da wasu. Tsohon littafinsa mai rigar takardar siminti ya ɗora a cinya. Gobe da safe za a zuba albasa a kan sabon, a ɗinke, Usmanu ya ɗaga ya jefa cikin mota ba tare da ya hau katako ba.